Daga Gero Zuwa Burodi: Tarihin Sauyawar Cimar Hausawa da Tasirinta ga Lafiyar Jiki

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda cimar Hausawa ta riƙa sauyawa tun daga lokacin da Turawa ba su zo ba har zuwa wannan zamani, tare da duba yadda sauyin ya shafi lafiyar jama'a. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai dangantaka tsakanin abin da ya shiga ciki da ƙarfin jiki, shi ya sa yake cewa, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Abin da babin zai nuna shi ne, yawancin sauye-sauyen da aka samu a tukunyar Bahaushe sun biyo bayan haraji da kasuwa da fari da manufofin hukuma ne, kuma kowane sauyi ya bar alamarsa a jikin mutane, musamman mata da ƙananan yara. An karkasa bayanin zuwa zamuna uku, wato kafin zuwan Turawa, da zamanin mulkinsu, da kuma lokacin da kuɗin man fetur ya shigo.

3.1 Cimar Bahaushe Kafin Zuwan Turawa

Gero da dawa su ne ginshiƙin abincin ƙasar Hausa tun fil azal. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun gano cewa an fara noman gero a yankin Sahel fiye da shekara 4,000 da suka wuce, domin tsiro ne mai jure ƙarancin ruwa, wanda kan nuna cikin kimanin wata uku. Da waɗannan hatsi biyu, tare da maiwa, ake yin tuwo da fura da kunu da koko da dambu. Shinkafa kuwa ana noma ta a fadamu, kamar na kogin Rima a ƙasar Sakkwato da Kabi, alkama kuma a lambuna da rani. Saboda ƙarancin alkama, abincin da ake yi da ita irin su alkaki da finkaso da gurasa ya zama na sarakuna da attajirai da ranakun buki.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin da abubuwan da suka faru a zamaninsu, ya nuna cewa wasu kayan abincin ta hanyar fatauci suka shigo. Ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) ne Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Haka kuma masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, sun iso Afirka bayan shekarar 1500. Wannan ya nuna cewa cimar Bahaushe ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, bayan ya biyo ayarin gishiri daga Azbin, ya bayyana ƙasar Kano a matsayin mai albarkar noma ƙwarai, wadda take ciyar da kanta har ta sayar wa wasu.

Idan aka dubi yadda ake haɗa wannan abinci, za a ga akwai hikima a ciki. Tuwo ba ya tafiya sai da miya, miyar kuma yawanci ta ganye ce ko ta 'ya'yan itace, kamar kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da ayayo. Ganyen kuka yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa bayan an dafa an rufe ta ta ruɓa, tana ba miya ɗanɗano, kuma tana da furotin, wato sinadarin gina jiki. Wake, wanda ake shukawa a tsakanin kunyoyin gero, yana cike giɓin furotin da hatsi ba shi da shi. Fura kuwa ana dama ta da nonon da Fulani ke kawowa, don haka cuɗanyar manomi da makiyayi ita kanta wani ɓangare ce na tsarin abincin. Bugu da ƙari, jiƙa gero da barin ƙullu ya yi tsami kafin a dama koko yana rage wani sinadari da ke hana jiki tsotse ƙarfen da ke cikin hatsi.

Sai dai wannan tsari yana da rauni babba guda ɗaya, shi ne dogaro da damina ɗaya tak a shekara. Daga faɗuwar ruwa zuwa lokacin da gero zai nuna, rumbuna kan yi ƙasa, a daidai lokacin da aikin gona ya fi tsanani kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. A irin wannan lokaci ne mata kan koma ga tafasa da rama da zogale da yaɗiya, a yi kwaɗo ko fate don a tsawaita ɗan hatsin da ya rage. In kuwa ruwa ya ƙi shekara biyu a jere, sai yunwa ta auku. Tarihin Kano ya ambaci wata yunwa ta shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582–1618). Don kauce wa irin wannan ne al'umma ta tanadi hanyoyin kariya, kamar noman gandu, da ajiye damman hatsi na shekaru a rumbu, da zakka, da taimakon dangi, da rumbunan sarakuna waɗanda akan buɗe idan abu ya yi tsanani.

3.2 Abinci a Matsayin Magani

A tunanin Bahaushe babu wata katanga tsakanin abinci da magani. Ana shan kunun tsamiya don a sassauta ciki, ana sa citta da kanumfari da masoro a fura da kunu don korar sanyi, ana ba mai jego kayan yaji da nama don ta mayar da jinin da ta zubar. Mai dundumi, wato wanda ba ya gani da dare, akan ba shi hanta, kuma ilimin likitanci ya tabbatar da cewa rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, hanta kuma tana cike da shi. Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka yi bincike a wani ƙauye na ƙasar Kano, sun bayyana a 1982 cewa da yawa daga cikin tsirran da ake magani da su ana kuma cin su a matsayin abinci. Lewis Wall ma, a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, ya nuna yadda kalmar lafiya ta ƙunshi daidaituwar jiki da abinci da zaman jama'a gaba ɗaya.

Amma ba dukkan al'adun abinci na gargajiya ne suke da amfani ba, kuma wajibi ne mai nazari ya faɗi haka. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego a Zariya da kewaye. Sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa, wadda ke ɗauke da gishiri mai yawa, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Haka kuma al'adar matse dakashi a zubar, da ba jariri ruwa tun ranar haihuwa, suna hana shi kariyar da nonon farko ke bayarwa. Ciwon maƙoƙo kuma, wanda rashin sinadarin aidin ke kawowa, sananne ne a wasu yankunan Arewa tun da daɗewa.

3.3 Zamanin Turawa: Gyaɗa da Haraji da Yunwa

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, abu biyu ne suka fi taɓa rumbun talaka. Na farko shi ne haraji, wanda sannu a hankali aka wajabta biyansa da kuɗin Turawa. Na biyu kuwa shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jigilar kaya a 1912. Turawa sun so a noma auduga ne, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, in kuma ba ta sayu ba ana iya ci. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1913 ta haura tan 19,000, kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978.

A daidai wannan shekara ta 1913 ruwa ya ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914, ta hallaka dubban mutane a ƙasashen Kano da Katsina da kuma yankunan da ke hannun Faransa a arewa. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya yi bayanin cewa fari ba sabon abu ba ne, amma harajin kuɗi ya tilasta wa manomi sayar da hatsinsa da kaka lokacin da yake da araha, ya dawo ya saya da tsada ko ya ci bashi da damina. Wato ke nan ajiyar da a da take zaune a rumbu ta koma kasuwa. Yunwa ta sake dawowa a 1927, wadda ake tunawa da ita da sunan buhu saboda hatsin da aka riƙa kawowa a buhuna. Ta kuma dawo a 1942, aka kira ta 'Yar Gusau, a lokacin da hukuma ke karɓar hatsi don ciyar da leburorin da aka tilasta wa aikin haƙar kuza a Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Duk da haka gyaɗa ta kawo alheri a tukunya. Man gyaɗa da ƙuliƙuli da kunun gyaɗa da miyar taushe mai gyaɗa sun ƙara wa abincin talaka maiƙo da furotin, kuma sana'ar matse mai ta ba matan aure jari a cikin gidajensu. Jirgin ƙasa ya riƙa kawo manja da garin rogo da doya daga Kudu. Shayi da sukari da burodi da madarar gwangwani kuma sun fara shigowa ta kantuna da barikin soja da makarantun kwana da unguwannin Sabon Gari. A wancan lokaci abincin ma'aikata ne da 'yan boko, kuma wannan daraja da aka ba su ita ta share musu hanya daga baya.

3.4 Fari da Kuɗin Mai

Har zuwa farkon shekarun 1970 cimar ƙauye ba ta sauya sosai ba. Binciken da Emmy Simmons ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta yi a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau ya nuna cewa dawa ce ke ba mutane mafi yawan ƙarfin da suke samu daga abinci. Amma daga 1972 zuwa 1974 aka yi babban fari wanda ya kashe dabbobi masu yawa a Nijar da Arewacin Nijeriya, nono da man shanu suka yi tsada. A 1975 kuma wata cuta ta faɗa wa gyaɗa ta lalata amfanin shekarar, daga nan dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi.

Wannan asara ta zo daidai da hauhawar farashin man fetur a 1973 da ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Kuɗi ya yawaita a birane, naira ta yi ƙarfi, abincin waje ya fi na gida araha. Shinkafa 'yar waje ta cika kasuwanni, har gwamnatin Shehu Shagari ta kafa kwamiti na musamman a 1980 don shigo da ita. Alkamar da ake shigowa da ita, yawanci daga Amurka, ta haura tan miliyan 1 a shekara a farkon shekarun 1980. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun kira wannan hali tarkon alkama a littafinsu na 1985, domin jama'a sun saba da abincin da ƙasarsu ba ta iya nomawa isasshe. An gina madatsun ruwa na Tiga da Bakolori da fatan a noma alkama da rani, kuma gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, amma noman gida ya kasa cike giɓin, aka janye hanin a 1992.

A karkara kuwa masara ce ta yi babban tasiri. Ayyukan bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, da taimakon Bankin Duniya, sun yaɗa sabon irin masara da takin zamani mai rahusa. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don a gasa ta zama amfanin gona babba, tuwon masara ya fara ture tuwon dawa a gidaje da yawa. Injin niƙa da na surfe sun hutar da mata daga wahalar daka, amma kuma sun sa ana cire dusa sarai don tuwo ya yi fari. A cikin miya, dunƙulen Maggi da makamantansa sun rage wa daddawa kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma taliyar Indomie ta shigo, teburin mai shayi ya zama wurin karin kumallo da cin abincin dare na samari da leburori a kowane gari.

Ya kamata a lura cewa mutane suna da dalilansu na karɓar wannan sabon abinci. Shinkafa da taliya suna dahuwa da wuri kuma ba sa cin itace da yawa, burodi ba ya bukatar wuta ko kaɗan, dunƙule kuma ana iya sayen ƙwaya ɗaya. Ga magidancin birni wanda ba shi da rumbu, da matar da ke da ɗawainiyar yara da sana'a, wannan sauƙi abu ne mai muhimmanci.

3.5 Tasirin Sauyin ga Lafiya

Sakamakon wannan tarihi shi ne ƙasar Hausa ta wayi gari da nauyi iri biyu a lokaci guda. A birane, yawan cin farar shinkafa da fulawa da sukari da lemon kwalba, tare da raguwar aikin ƙarfi, yana daga cikin abubuwan da ke ƙara ƙiba da ciwon sukari. Hatsin da aka cire wa dusa yana saurin narkewa ya ɗaga sukarin jini, kuma ya rasa wani kaso na bitamin da ƙarfen da ke cikinsa. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, saboda alaƙarsa da hawan jini.

A ɗaya ɓangaren, tsohuwar matsalar ba ta tafi ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, amma a shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Wannan kuwa ita ce shiyyar da ke cikin manyan masu noma gero da dawa da wake a ƙasar. A Jamhuriyar Nijar ma haka aka gani a 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar. Hatsi yana nan a kasuwa a wannan shekara, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Abin da Watts ya faɗa game da 1914 shi ne ya maimaita kansa: wake da gyaɗa da ƙwai da kaji suna fita kasuwa don a biya bukatun kuɗi, yaron da aka yaye kuma ya rage da koko tsararo.

Hukumomi sun ɗauki wasu matakai. A 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, abin da ya rage maƙoƙo ƙwarai. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki. A 2018 aka fitar da wani irin gero mai yawan sinadarin ƙarfe mai suna Chakti a Nijar. Dokar kuɗi ta Nijeriya ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero. Abin lura a nan shi ne, ƙarin bitamin a fulawa da sukari ya fi isa ga wanda ke sayen abincin kanti, shi kuwa yaron ƙauye da ya fi bukata tuwo da kunun gida yake ci.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa cimar Hausawa ta gargajiya tana da haɗi mai kyau na hatsi da wake da ganye da daddawa da nono, amma tana fama da yunwar damina da fari da wasu al'adu masu cutarwa. An ga yadda harajin Turawa da kasuwar gyaɗa suka raunana ajiyar rumbu, da yadda kuɗin mai ya kawo shinkafa da alkama da sukari. A ra'ayin mai wannan nazari, kiran jama'a su koma cin gero da zogale ba zai wadatar ba matuƙar manomi na sayar da amfaninsa da kaka don dole, kuma matuƙar sarrafa gero ya fi dafa taliya wahala ga uwar gida. Gyaran da zai yi tasiri shi ne wanda zai taɓa farashi da ajiya da sauƙin girki, tare da wayar da kan iyaye su riƙa sa gyaɗa ko wake ko nono a kunun yaran da aka yaye. Babi na gaba zai dubi sunayen cututtukan da Hausawa ke dangantawa da abinci da yadda suke fassara su.